Yadda Za Ka Ci Kasuwa Ka Kuma Buɗe Ido a Kuala Lumpur

Duk wanda ya tambaye ni yadda zai yi a babban birnin Maleshiya, shawarata ta farko ita ce ya tsara yininsa bisa rana da ruwan sama. Tun hantsi gumi yake fara karyo wa mutum, kuma sau da yawa kafin la'asar hadari ya haɗo. Don haka yawon waje da safe, ciniki a ƙarƙashin rufi bayan azahar.

Daga filin jirgi, jirgin ƙasa na KLIA Ekspres zai kai ka tashar KL Sentral cikin kimanin rabin awa. Ka sayi katin Touch 'n Go ka zuba masa ringgit, wato kuɗin ƙasar, da shi za ka riƙa shiga jiragen cikin gari. Inda jirgi bai kai ba, ka kira mota ta manhajar Grab.

Ni dai zuciyata tana titin Tuanku Abdul Rahman, kuma ina takaicin baƙon da zai ƙare kwanakinsa a manyan kantunan Bukit Bintang bai leƙa can ba. Ka sauka a tashar Masjid Jamek, ka yi nafila a masallacin da aka buɗe a 1909, daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, sannan ka taka da ƙafa zuwa titin na Tuanku Abdul Rahman ta titin Masjid India. Yadi ne ko'ina, da gyale da hijabi da leshi, da batik, wato ƙyallen da ake yi wa zane da kakin zuma kafin a rina. Idan aka miƙo maka batik, kada kyan fuskarsa ya ɗauke ka, juya bayansa. Na gaske rini ya ratsa shi ciki da bai, na inji kuwa bayansa a koɗe yake. Sun saba yanka mita huɗu, daidai ɗinkin matansu, to in babbar riga kake nufi, ka faɗi tsawon da kake so kafin almakashi ya taɓa. A shagon da aka manna farashi ba a cika tayi ba, sai dai ragi in ka sayi da yawa. A rumfunan bakin titi kuwa ka taya da fara'a, mutanen nan ba sa son ɗaga murya.

Waya da kwamfuta, sai babban kantin Plaza Low Yat. Ka zagaya shaguna kafin ka ciro kuɗi, a buɗe kwalin a gabanka, ka kunna, ka tambaya ko garantin yana aiki a wajen ƙasar. Titin Petaling kuma ka je don kallo, amma agogo da jakunkuna masu manyan sunaye da ke araha a can galibi jabu ne. Tsaraba ta fi kyau a Central Market da ke kusa.

Tagwayen benayen Petronas, masu hawa 88 da tsawon mita 452, tikitinsu yakan ƙare da wuri, ka saya ta intanet tun kafin ranar. Gadar da ta haɗa su tana hawa na 41 da 42. Kogon Batu wurin ibadar mabiya addinin Hindu ne, matakala 272, ka je da sassafe da sutura mai rufe gwiwa, ka ɓoye duk wata leda, don birai na fizge ta daga hannu. Wurin da na fi so a ba lokaci shi ne gidan tarihin fasahar Musulunci kusa da Masjid Negara, wato babban masallacin ƙasa. Ɗakin rubutattun Alƙur'anai kaɗai ya isa ya riƙe ka har azahar.

Salla ba ta wahala, kusan kowane babban kanti yana da ɗakin salla, ka bi alamar da aka rubuta surau. Wajen abinci ka duba tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar.

In kana da rarar kwana ɗaya, ka hau bas daga tashar TBS zuwa birnin Malaka, tafiyar kimanin awa biyu. Ka daidaita ta da Juma'a, Asabar ko Lahadi, ranakun da kasuwar dare ta titin Jonker take ci.