Yadda Ake Warware Wasan Cike Kalmomi Mai Sarƙaƙiya Na Jaridun Ingila

Masu ta tambayata a inbos yaya ake fara wannan wasan na The Guardian da The Times, wato cryptic crossword, inda ake ba ka tambayoyi cikin Turanci kana cike haruffan amsoshinsu a akwatunan da suka gitta juna, to ga matakan.

1. Fara da mai sauƙi, Quick Cryptic na The Times ko Quiptic na The Guardian.
2. Ɗauki fensir, kar ka taɓa biro, za ka yi goge-goge.
3. Duba lambar ƙarshen tambaya, ita ce yawan haruffan amsa.
4. Nemo ma'anar amsar, kusan kullum tana farkon jimlar tambayar ko ƙarshenta, sauran duk dabara ce ta haɗa haruffan amsar.

Hattara: nan mutane ke faɗawa, suna karanta jimlar kamar labari alhali da gangan aka tsara ta don ta ɓatar da kai, misali "flower" sau da yawa ba fure ake nufi ba, kogi ne, wato abin da ke gudana (daga "flow").

5. Nemi kalmar ishara. In ka ga "mixed" ko "broken" to haruffan kalmar da ke kusa da ita za ka jujjuya, kamar LISTEN ya koma SILENT.
6. Ƙirga haruffan kafin ka jujjuya, in ba su yi daidai da lambar ba ka bar su.
7. In ka ga "some" duba tsakiyar kalmomin, amsar na ɓoye a jere.
8. Kar ka rubuta amsa sai ma'ana da dabara sun yarda da juna, ban da cinke don Allah.
9. Wadda ta gagara ka tsallake, haruffan da suka gitta za su taimaka.
10. Idan amsoshi sun fito ka bi waɗanda suka kayar da kai ɗaya bayan ɗaya har ka gane yadda aka gina su.