Yadda ake haɗa walimar 3 ga Agusta a tsakar gida

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu 'yancin kai daga Faransa, kuma ranar ce ake dashen itace, to ga yadda nake shirya tawa.

Da farko ka tuna tsakiyar damina ce, hadari na iya haɗowa da la'asar ba sallama, don haka ka kafa rumfa tun da safe, ka ɗaure tamfol da kyau, a ajiye tabarmi kusa da ɗaki yadda za a kwashe su da sauri.

Na biyu nama. Ka yi magana da mai gashi tun jiya, ranar kowa na nemansa, a samu balangu da yaji da albasa, ga zoɓo mai sanyi cikin kula, ga gawayin shayi.

Sai ado, tuta mai ruwan lemo da fari da kore, yara su riƙe ƙanana.

Abin da na fi so shi ne dashen. Ka samo ɗan dogonyaro ko zogale, a haƙa rami, Baba ya sa shi, jikoki su zuba ruwa, sai a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.