Zama a ƙaramin ɗakin haya a Yamai: shawara ga sabon zuwa

Mafi yawan waɗanda suke sauka Yamai daga Kano, Katsina ko Sakkwato, ɗalibai ne ko 'yan kasuwa ko masu aikin hannu, a gidan haya na taro suke fara zama, wato fili guda mai ɗakuna a jere, da famfo ɗaya da banɗakin da kowa yake shiga. Dillali zai tambaye ka ko antire-kushe kake nema, wato ɗaki guda tilo, ko kuwa shambar-salon, ciki da falo. Irin waɗannan gidaje sun cika unguwanni kamar Bukoki, Lazare, Talaje da Banifandu, da kuma Harobanda a ƙetaren kogi, inda Jami'ar Abdou Moumouni take. Idan aka zo ciniki, ka tuna cewa jika ɗaya a nan sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, kuma mai gida zai nemi kuɗin wasu watanni gaba da kuɗin ajiya kafin ya miƙa maka makulli.

Da zarar ka karɓi makullin, shawarata ita ce ka danne zuciyarka kada ka ruga kasuwa. A ɗaki mai mita 3 da mita 4, katifar mutum biyu, wadda faɗinta santimita 140 ne tsawonta kuma 190, ta cinye sama da kashi ɗaya cikin biyar na daɓen tun ba a ɗora ta a kan gado ba. Idan ka ƙara kabad ɗin tufafi da kujera da tebur, to sai ka nemi inda za ka shimfiɗa darduma ka rasa. Mutanen gari sun daɗe da gane cewa ɗaki a Yamai wurin ajiya ne da kwana, sauran rayuwa kuwa a waje ake yin ta. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kwanon rufi yana riƙe shi har tsakar dare, wuta kuma tana iya ɗaukewa fanka ta tsaya, sai ka ga gida gaba ɗaya an fito tsakar gida, kowa ya kafa sangensa, wato gidan sauro. Wanda ya sayi gadon katako mai nauyi ba zai iya fitar da shi ba. Mai katifa mara kauri da tabarma kuwa ya naɗe abinsa ya bi iska, da safe ya jingine ta a bango, ɗakin ya koma falo.

Kayan da ba makawa sai an ajiye su a ciki, a nema musu wuri a sama. Iyayenmu da suke rataye ƙorai a ragaya ba ado kaɗai suke yi ba, daɓe suke ragewa, suna kuma tsare abinci daga ɓera da kiyashi. Kafinta zai yi maka kanta biyu ko uku a saman ƙofa da gefen taga, inda ba a amfani da wurin da ma, sai dai ka nemi izinin mai gida kafin ka buga ƙusa ko ɗaya, domin ramukan bango na cikin abubuwan da ake fakewa da su a riƙe kuɗin ajiya ranar tashi. A kasuwar Katako, inda ake samun katako da ƙarafa da kayan hannu iri-iri, ka nemi adakar ƙarfe mai murfi da ke rufuwa ruf. A ganina babu kayan ɗaki da ya kai ta amfani: tana hana ƙurar hunturu shiga tufafi, gara ba ta cin ta, ana sa mata kwaɗo, idan kuma aka ɗora mata ɗan matashi ta zama wurin zaman baƙo. Ka ɗora ta a kan bulo biyu, haka ma buhun shinkafa ko na gero, saboda damshin daɓe a watan Agusta yana ruɓar da abin da ya zauna a ƙasa. Wanda zai kama ɗaki kusa da kogi ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2020, wadda ta yi ɓarna sosai a unguwannin ƙetare da Saga, sannan ya ajiye takardunsa a leda a kanta mafi tsayi.

Girki ba na cikin ɗaki ba ne, komai ƙanƙantar tukunya. Tukunyar gas mai kilo 6 ta wadaci ƙaramin iyali, amma a ajiye ta a inuwa inda iska take ratsawa, kuma ko sanyin Janairu ya kai yaya kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, domin hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci. Ruwa ma haka yake: randa ɗaya a ƙarƙashin rumfa da jarka biyu sun isa, tunda 'yan ga-ruwa suna zagaya unguwa da kurarsu.

Ashe ke nan rabin gidanka tsakar gida ne, ita kuma ba kuɗin haya kaɗai ke ba ka ita ba. Wurin da kake gani fayau a gindin bango wataƙila nan wata take kafa turminta shekara da shekaru, igiyar shanya ma da mai ita. Kafin ka kafa rumfa ko ka kewaye ƙofarka da zana, ka je wurin wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ka rusuna ka ce, “Inna, ina ne ya dace in ajiye murhuna?” Ita za ta nuna maka, ta kuma faɗa maka ranar da sharar tsakar gida da wankin banɗaki suke zagayowa kanka, da yadda ake raba kuɗin wuta idan mitar NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ɗaya ce ta gidan duka, inda galibi ake duba yawan ƙwan fitila da fanka da firjin kowane ɗaki. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma yawancin rigimar gidan haya a kan waɗannan ƙananan abubuwa take tashi. Maƙwabtanka da dama Zabarmawa ne, kuma ko da yake akasarinsu suna jin Hausa, “fofo” ɗaya da safe, wato sannu da Zabarmanci, tana buɗe fuska.

Akwai magana ta musamman ga wanda zai ɗauko amarya daga gida. Iyayenta za su so a jere gado da kabad da madubi da kwalla da samira kamar yadda aka saba, kuma ba laifinsu ba ne, mutuncin 'yarsu suke dubawa. Ka auna ɗakin da igiya, ka aika wa gwaggonninta awon da hoto tun kafin a yi wa kafinta magana, ka roƙe su cikin ladabi a bar manyan kaya a gida har Allah ya hore ciki da falo. Idan akwai yara, labule mai kauri a kan waya daga bango zuwa bango yana raba ɗaki biyu da dare, a zuge shi da rana. Baƙi maza kuwa a ƙofar gida ake tarbarsu a kan benci da butar shayi, kamar yadda samarin fada, wato majalisar hira, suke yi a kowane layi, mata kuma su shigo rumfa.