Yadda za ka daina shan kashi a Tekken

Kamfanin Namco na Japan ne ya fitar da gem ɗin faɗa na Tekken a 1994, kuma daga nan har zuwa Tekken 8 na 2024 tsarin maɓallan bai canja ba, kowace gaɓa da nata. A hannun PlayStation, sikwaya naushin hagu ne, tarayangul na dama, X ƙafar hagu, O ƙafar dama. Wanda ya koya a Tekken 5 na PS2, irin wanda ya cika gidajen gem na Katsina a da, ba zai ɓata a Tekken 7 na PS4 ba.

Da farko zaɓi mutum ɗaya daga cikin mayaƙan gem ɗin ka tsaya a kansa. Ɗauki Paul. Kada ka ɗauki Eddy. Tun zuwansa a Tekken 3 yara ke danna X da O ido rufe yana ta juyi a ƙasa suna cin wasa, sai ranar da suka haɗu da mai iya tarewa su rasa abin yi. Kazuya ma bar shi tukuna, yana son hannu mai sauri.

Sai tarewa, kuma nan ne kowane sabon shiga yake faɗuwa. Duka iri uku ne: na sama, na tsakiya, na ƙasa. In ka riƙe baya kana tsaye, ka tare na sama da na tsakiya. In ka durƙusa, wato baya da ƙasa tare, ka tare na ƙasa, na sama kuma ya wuce ta kanka, amma na tsakiya zai same ka. Da an share ƙafar sabon ɗan wasa sau biyu sai tsoro ya kama shi ya zauna a durƙushe, alhali yawancin dukan da ke cilla mutum sama a yi ta jera masa naushi kafin ya sauko na tsakiya ne. Ƙananan shurin ƙafa jini kaɗan suke ci, ka jure su. Zama a tsaye shi ne asali. Ba ka durƙusawa sai ka ga shara mai nauyi tana tahowa, irin ta Bryan ko ta Law, don suna da jinkirin da ido zai iya kamawa.

Ka tare? To rama nan take. Gem ɗin yana tafiya ne a firam 60, wato hotuna 60, cikin daƙiƙa, naushin sikwaya na yawancin mayaƙan kuma firam 10 yake ɗauka, shi ne mafi sauri. Duk wanda ya kawo babban duka ka tare, gwada sikwaya sannan tarayangul. In sharar Bryan ce ka tare, kana da lokacin da za ka cilla shi sama.

Wannan ba a koyonsa a kan kuɗin gem ana jiran layi, ga mai gida yana lissafin man janareta. Roƙe shi da hantsi kafin yara su taso daga makaranta, ka shiga wurin atisaye, ka sa kwamfuta ta yi ta maimaita duka ɗaya.

Sauran da sauƙi. In an kawo kamu na yau da kullum a Tekken 7, danna sikwaya ko tarayangul da wuri ka kuɓuce. Taɓa sama ko ƙasa sau ɗaya yana sa ka kauce gefe. Haɗin duka guda ɗaya tak ya ishe ka a wata na farko. Rage Art kuwa, wato babban dukan musamman da ke samuwa in jininka ya kusa ƙarewa, kada ka sake shi sai ka ga abokin karawa ya fara kawo duka, don in ya tare shi ka gama yawo.