Yadda ake zama ɗan wasan badminton na bibbiyu: hanyar da Selena Piek ta Holan ta bi

Wanda bai saba kallon badminton ba, idan ya ga mutum huɗu a fili, biyu nan biyu can, sai ya ɗauka an raba wahalar ce gida biyu. Da zai shiga filin da kansa, da minti biyar ya ishe shi ya canja ra'ayi. Wasan bibbiyu ya fi na ɗaiɗai sauri nesa ba kusa ba, kuma gwanin da ke cin kowa shi kaɗai yana iya zame wa abokinsa kaya idan bai san inda zai tsaya ba.

Na zaɓi in bi sawun Selena Piek ne domin rayuwarta ta wasa ta nuna wannan a fili. An haife ta ranar 30 ga Satumba 1991 a garin Blaricum na ƙasar Holan. Ta je gasar Olamfik sau uku, Riyo a 2016, Tokyo da aka yi a 2021, da Paris a 2024, kuma mutum huɗu ta yi wasa da su a waɗannan tafiye-tafiye. Holan ba Sin ba ce, ba Indunusiya ba ce, ko a Turai ma Denmak ce ke gaba. Ƙwallon ƙafa da hoki da tseren keke da gudu a kan ƙanƙara su suka cika zukatan mutanen ƙasar. Duk da haka tana cikin ƙasashe 9 da suka kafa hukumar badminton ta duniya a 1934. Ƙasar da 'yan wasanta ba su da yawa dole ta iya haɗa mutum biyu da kyau, shi ya sa hanyarsu ta cancanci a duba ta.

Mataki na farko: ka shiga kulob, ka san filinka

Yaro a Holan yakan fara ne a kulob ɗin unguwa, a zauren wasanni mai rufi, daga nan ya shiga gasar yara, in ya yi fice ya kai ga buga wa kulob a gasar rukuni-rukuni ta ƙasa, wadda matakinta na sama ake kira Eredivisie. Kai ma nemi zaure mai rufi. Ƙwallon badminton gashin tsuntsu ne guda 16, na dinya ko na agwagwa, aka soke a jikin ɗan toto, nauyinsa bai wuce giram 5 da rabi ba. Iska kaɗan ta isa ta kauce da shi, don haka wanda ya koyi wasa a tsakar gida hannunsa zai saba da abin da ba shi ne zai tarar a gasa ba.

Filin bibbiyu tsawonsa mita 13.40, faɗinsa mita 6.10, wato ya fi na ɗaiɗai faɗi, wanda yake mita 5.18. Tsayin raga mita 1.55 ne a bakin sanduna. Ka riƙe waɗannan, amma layuka biyu da ke tafe sun fi su muhimmanci.

Mataki na biyu: sabis, sabis, sabis

A nan zan daɗe, domin a nan ake cin wasan bibbiyu, a nan kuma ake zubar da shi.

Akwai layi a gaba, mita 1.98 daga raga. Dole sabis ɗinka, wato bugun farko da ake buɗe wasan kowane maki da shi, ya kai wannan layin. Akwai wani a baya, santimita 76 kafin ƙarshen fili, wanda a wasan bibbiyu sabis ba ya wuce shi. Ka ga an matse ka ta gaba an matse ka ta baya. Tun 2018 kuma doka ta ce lokacin da raket ya taɓa ƙwallon, dole ƙwallon gaba ɗaya ya kasance ƙasa da mita 1.15 daga ƙasa. Ga mai karɓa can ya tsaya dab da layi, raket a sama, ya ɗan karkato kamar kyanwa ta hango ɓera. In ƙwallonka ya tashi da taƙi ɗaya sama da raga, ya kwaɗo shi ƙasa kafin ka ƙifta ido.

Ga yadda ake yi. Ka tsaya kusa da mahaɗar layin gaba da na tsakiya. Ka riƙe raket ta bayan hannu, babban yatsa a shimfiɗe a kan marikin, ka ɗan matso da hannun sama don raket ɗin ya gajarta. Da ɗaya hannun ka kama gashi ɗaya ko biyu da babban yatsa da manuniya, kan ƙwallon yana kallon igiyar raket. Kada ka buge shi, tura shi za ka yi, da ɗan motsi gajere, ƙafafunka biyu ba su bar ƙasa ba. Abin da ake so shi ne ƙwallon ya kai ƙololuwar tashinsa tun yana ɓangarenka, ya tsallake raga yana gangarawa, ya sauka a kan layin gaba na can.

Ka ɗaura zare taƙi ɗaya sama da raga, ka ajiye kwali a kusurwar da kake nufi, ka riƙa tura ƙwallo ta tsakanin zaren da ragar. Ɗari a rana ba su yi yawa ba. Aiki ne mai gundura, na sani, babu mai tafa maka, amma ban san wata hanya da ta fi shi ba.

Bayan gajeren sabis ya zauna, sai ka koyi na yaudara: tsayuwa iri ɗaya, riƙo iri ɗaya, sai a ƙarshe ka matse yatsu ƙwallon ya haye kan mai karɓa ya faɗa baya. Ba don cin maki kullum ake yin sa ba, don mai karɓa ya daina yi maka tsaye a wuya ne. Kuma abokinka na baya dole ya san wanne za ka yi, shi ya sa za ka ga mai sabis ya kai hannu bayansa ya yi alama da yatsu kafin ya buga.

Ƙa'idar jeri ba ta da wuya. Idan makinku cika ne, kamar 0 ko 2 ko 4, daga dama ake sabis, idan mara ne daga hagu. Kun ci maki da sabis ɗinku, mai sabis ɗin ne zai sauya gefe ya ci gaba. Masu karɓa ba sa sauya wuri. A tsarin da aka kawo a 2006, kowane zagaye maki 21 ne, wanda ya ci zagaye biyu cikin uku ya yi nasara, in an yi 20 da 20 sai an ba da ratar biyu, iyaka 30.

Mataki na uku: ka san inda za ka tsaya ba tare da an faɗa maka ba

Tsayuwa iri biyu ce. Idan ku ke kai hari, wato ƙwallo yana sama a ɓangarenku kuna dukansa ƙasa, ɗaya yana baya yana kwaɗawa, ɗaya yana gaba yana jiran abin da zai dawo da rauni ya ƙarasa shi. Idan kuwa ku kuka ɗaga ƙwallo sama, to kun ba da hari, sai ku koma kafaɗa da kafaɗa, kowa ya tsare rabinsa, gwiwa a lanƙwashe, raket a gaba. Wanda ya ɗaga ƙwallon daga gaban raga ya ja da baya kai tsaye, abokinsa ya cike ɗaya gefen. Wannan sauyin yana iya faruwa sau da yawa kafin a ci maki ɗaya, kuma babu lokacin magana. Na baya shi ke ganin na gaba, don haka nauyin cike gurbi a kansa yake. Na gaba kada ya waiwaya. Ban da rasa ƙwallo, waiwaye na iya jawo masa duka a ido.

Sai matsalar tsakiya. Abokan karawa masu wayo ba sa neman kusurwa kullum, tsakaninku suke aunawa, don ku tsaya kallon juna ko raket ɗinku su gwabza. Ku yanke hukunci tun a wajen atisaye: ƙwallon tsakiya na wane ne idan ya zo daga dama, na wane ne idan ya zo daga hagu.

A wasan gauraye, na namiji da mace, wanda ya shiga Olamfik a 1996, an saba mace ta riƙe gaban raga namiji ya riƙe baya. Masu kallo da yawa suna raina aikin gaba don ba shi da ƙara. Ni a ganina shi ne ya fi wuya. Ita ce ke tilasta wa abokan karawa su ɗaga ƙwallo, in ba ta yi haka ba ƙarfin damtsen na baya ba shi da amfani. Su kuma can burinsu su tura ta baya su jawo namijin gaba, saboda haka macen da ba ta iya duka daga baya ba, an gano lagonta.

Mataki na huɗu: zaɓen abokin wasa

Kada ka nemi wanda ya yi kama da kai. In kai mai ƙarfin duka ne, nemi mai saurin hannu a raga. In ɗayanku bahago ne, wannan riba ce, domin yana rikita lissafin abokan karawa. Sannan ka duba halinsa lokacin da kuke faɗuwa, ba lokacin da kuke ci ba. Mutumin da zai ɗaure fuska ya juya maka baya don ka zubar da sabis a 19 da 19, ba za ku yi shekara huɗu kuna kwana a otal ɗaya kuna hawa jirgi ɗaya ba. Ka lura da manyan 'yan wasa: an ci maki ko an rasa, sai sun taɓa hannu.

Akwai kuma lissafi a ciki. Matsayi a jadawalin duniya na mutum biyun ne a haɗe. Ranar da kuka rabu, sabon haɗin zai fara tara nasa makin. Piek ta sha wannan. Da Eefje Muskens ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Riyo, a gasar kuma ta buga gauraye da Jacco Arends. Bayan Riyo ta sake gini da Cheryl Seinen, wadda Piek ta girma da 'yan shekaru, suka ci zinare a Wasannin Turai na 2019 a Minsk, suka kuma kai zagayen 'yan takwas a Tokyo. A gauraye ta haɗu da Robin Tabeling, wanda a da yake buga na maza da Jelle Maas, suka ci zinare a Wasannin Turai na 2023 a Polan. Zinare biyu, shekara huɗu tsakani, kashi daban, aboki daban. Abin da ta riƙa ɗauka daga wannan haɗi zuwa wancan shi ne abin da muka yi magana a mataki na biyu da na uku.

Mataki na biyar: hawa tsanin gasa

A zamanin Piek, wanda ya yi fice a Holan yakan koma cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Papendal kusa da Arnhem, inda ake atisaye kullum tare da koci da masu kula da lafiyar jiki. Ga 'yan bibbiyu wannan dole ne, domin ba a gina fahimtar juna da haɗuwar ƙarshen mako.

Gasannin duniya hawa-hawa ne. A ƙasa akwai Future Series, sai International Series, sai International Challenge. Gasar da ake yi a Legas tana cikin irin waɗannan ƙananan matakai da ake fara tara maki. Sama da su akwai Super 100, sannan 300, 500, 750, har 1000, inda gasar All England ta Ingila take. Ana lissafa sakamako 10 mafi kyau da kuka samu cikin makonni 52. Kada ku yi gaggawar tsallakawa sama. Zuwa Asiya a fitar da ku ranar farko kuɗin jirgi ne kawai ya tafi, alhali kaiwa wasan ƙarshe a ƙaramar gasa kusa da gida zai ba ku maki da kuma wasanni huɗu ko biyar na gogewa. Ku zauna da koci a farkon shekara da kalanda da lissafin aljihu, ku cakuɗa manya da ƙanana. Kuɗin kyauta ma biyu ake raba shi, kuma a ƙananan gasanni bai cika biyan kuɗin tafiya ba.

Mataki na shida: kashi ɗaya ko biyu

A farkon tafiya yana da kyau ka buga kashi biyu, na jinsinka da na gauraye, domin kowanne yana koya maka abin da ɗayan ba ya koyarwa. Amma wasa biyu a rana, mako bayan mako, yana cin gwiwa da kafaɗa da agara. Piek ta buga kashi biyu a Riyo da Tokyo, a Paris kuwa gauraye kawai ta fito, tana da shekara 32. Ka sa ɗaga ƙarfe da motsa gaɓoɓi cikin aikinka na mako tun kafin ciwo ya tilasta maka.

In burinku Olamfik ne, ku sani ƙofar ƙarama ce. Haɗi 16 kawai ake ɗauka a kowane kashi na bibbiyu, a raba su rukuni huɗu, biyu na sama a kowane rukuni su wuce zagayen 'yan takwas. Makin da ake dubawa na kimanin shekara guda ne kafin gasar, kuma akwai gurbin da ake tanadar wa kowace nahiya, shi ya sa ake ganin 'yan Afirka a ciki, kamar Godwin Olofua da Anuoluwapo Opeyori na Najeriya da suka buga na maza a Tokyo. Saboda haka duk sauyin abokin da za ka yi, yi shi da wuri, shekara biyu ko uku kafin gasar, don ku shiga shekarar tara maki kuna da matsayin da zai ba ku damar shiga manyan gasanni tun daga makon farko.