Yadda Ake Zane Da Yumɓun Wasa A Bayan Gilashi

Wannan yumɓun mai kala-kala da yara ke mulmulawa, wanda ake cewa plastisin, in ya haɗu da gilashi ko roba mai garai-garai yana fitar da hoton da in an rataye shi a bango sai ka rantse fenti ne. Wani malamin zane ɗan Ingila, William Harbutt, shi ya haɗa shi a 1897 don ɗalibansa su samu abin da ba zai bushe musu a hannu ba, to maiƙon nan da ya hana shi bushewa shi ke sa ya kama gilashi ba sai da gam ba.

Abin da zaka fara sawa a ranka, ta baya ake aikin amma ta gaba ake kallo. Duk abin da ka fara liƙawa shi zai fito a sama, na ƙarshe kuma shi ke komawa can baya.

Kayan aikin ba su da yawa. Gilashin firem ɗin hoto ya isa, sai maka, wato alƙalamin nan mai kaurin tawada, baƙa wadda ba ta gogewa, tsinken sakace, salatif, auduga da sifirit, da ɗan kwali. Ka bi gefen gilashin da salatif don kar ya yanke ka, in kuma yaro ne zai yi gara a ba shi roba. Sannan a goge shi tas da sifirit, shatin yatsa in ya maƙale a ƙarƙashin yumɓu yana nan kenan.

Sai ka sa hoton da kake so a ƙarƙashin gilashin ka ɗame shi da salatif, ka bi layukan da maka. In farkon farawa ne ka nemi abu mai manyan gurabe, kifi ko fure ko tsuntsu, fuskar mutum dai a bari sai hannu ya faɗa. Ka tuna hoton zai juye, dama ta koma hagu, ga kifi ba komai amma in akwai rubutu dole ka rubuta shi a juye yadda yake fitowa a madubi, in ba haka ba sai ka gama wahala ka tarar suna ya fito a birkice. Ka bar tawadar ta bushe sosai.

Yanzu aka zo wajen aikin. Gutsuro ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, ka murza a tafin hannu har ya yi ɗumi ya yi laushi, ka ɗora a fuskar gilashin da ka ja wa layi ka danna da yatsa kana ja a hankali zuwa bakin layi. Ƙananan abubuwa su ne farko, ɗigon farin cikin ido, sai baƙin idon, sai jijiyar ganye, daga nan jikin abin, sama ko ruwan da ke bayansa shi ne na ƙarshe kuma shi ba ruwansa, zaka iya shafa shi har kan sauran ba wanda zai gani. Kowane ɗan lokaci ka juyo gilashin ka duba, don ta baya abin kaca-kaca yake, ta gaba ne zaka ga inda iska ta maƙale ta bar ɗan tabo mai ƙyalli, nan sai ka ƙara dannawa da ƙarfi, ka kuma ga inda kala ta tsallake layi ka kankare da tsinke. Ka ɗaga shi saitin fitila, duk inda haske ya ratso to bai ji yumɓu ba, sai dai in a taga zaka ajiye kana son hasken ya ratso ɗin.

Kala kuwa ana haɗa ta yadda ake haɗa fenti, shuɗi da ɗorawa kore, ja da ɗorawa ruwan lemu. Ni abin da ya fi burge ni shi ne kar ka murza su haɗe gaba ɗaya, ka bar shuɗi da fari da zane-zanensu, in ka shafa sai su ba da ruwa ko gajimare da kansu. Fara da kaloli masu haske, kana goge hannu tsakani, baƙi in ya taɓa fari magana ta ƙare.

Akwai wani yumɓun daban da ake gasawa a oben, irin su Fimo, kar a ɗora ɗanyensa a kan roba irin ta gidan faifan CD, yana cinye ta har ta yi danƙo. Shi gilashi ne nasa.

In ka gama sai ka shimfiɗa leda a bayan kafin kwali, don maiƙon yana ratsa takarda, ka mayar cikin firem. Kar a rataye inda rana ke duka ko kusa da wuta, zafi na sa shi ya saki har ya fara zamewa ƙasa. Wajen da bai maka ba kuma ko bayan wata guda ne zaka iya ɓamɓare shi ka sake, ka dai yi hankali da sifirit a wurin, yana tafiya har da layin makar.