Darasi na 9: Sayen sabuwar mota bayan bala'i ya tsayar da masana'anta

Ranar 11 ga Maris, 2011, an yi gagarumar girgizar ƙasa a arewa maso gabashin Japan, igiyar ruwa ta tsunami kuma ta biyo baya. Dubban mutane suka rasa rayukansu. Kamfanonin Toyota da Honda da Nissan suka tsayar da ƙera motoci. Abin lura shi ne, har masana'antun da ke nesa, waɗanda ko tsagewa bangonsu bai yi ba, sai da suka rage aiki.

Me ya jawo haka? Mota ɗaya tana da sassa kusan 30,000, kuma ba kamfani ɗaya ke yin su duka ba. Masu ƙera mota ba sa tara kaya da yawa a sito, ana kawo musu ne daidai buƙata. Idan guda ɗaya ya yanke, layin haɗawa ya tsaya ke nan. A garin Hitachinaka akwai masana'antar kamfanin Renesas, mai yin 'yan ƙananan na'urorin da ke cikin ƙwaƙwalwar mota. Girgizar ta lalata ta, ba ta koma aiki ba sai watan Yuni. Ko fenti bai tsira ba. Wata masana'antar sinadarin ƙyalli a Onahama ta tsaya, har kamfanin Ford a Amurka ya daina karɓar odar wani launin baƙi, ya kuma taƙaita ta wasu launukan ja.

To, ga mai saye, me wannan ke nufi? Motoci za su yi ƙaranci a wurin dillalai. Ragin da aka saba yi zai ɓace, launin da kuke so ba lallai a same shi ba, jira kuma zai yi tsawo. A irin wannan lokaci ne za ku ji ana cewa, "Ita kaɗai ta rage, in ba ku biya yau ba gobe wani zai ɗauka." Wata rana gaskiya ce, wata rana kuwa dabarar kasuwa ce. Idan tsohuwar motarku tana tafiya, shawarata ku yi haƙuri na 'yan watanni. Ƙarancin ba ya dawwama. A Japan, kafin ƙarshen wannan shekarar yawancin masana'antun sun farfaɗo. Sauri kan haifi nawa.

Idan kuwa sayen ya zama dole, ga inda karatunku zai yi muku rana. Kada ku ba da kafin alƙalami a kan alkawarin baki. A rubuta kuɗin motar gaba ɗaya, da ranar da za a miƙa ta, da abin da zai faru da kuɗinku idan ranar ta wuce ba mota. Ku karanta da kanku, a hankali, ko da dillalin yana duba agogo. Biyan kuɗi ba tare da wannan takarda ba cinikin biri ne a sama.

Hatsari mafi girma shi ne motar da ruwa ya shiga. A watan Oktoba na 2011 ambaliya ta mamaye masana'antar Honda da ke Ayutthaya a Tailan. Sabbin motoci 1,055 suka yi makonni cikin ruwa, kamfanin kuma ya farfasa su a bainar jama'a don kada ko ɗaya ta shiga kasuwa. Ba kowane mai kaya ke da wannan hali ba. Akwai wanda zai wanke, ya goge, ya fesa turare, ya ce sabuwa ce fil. Ruwa kuwa ba ya nuna ɓarnarsa nan take. Yana cin wayoyin lantarki a hankali, sai bayan watanni fitilun gargaɗi su fara kunna kansu, ko jakar iska ta ƙi buɗewa ranar da rai ke buƙatarta.

Saboda haka ku tafi da makanikin da kuka yarda da shi, da rana tsaka. Ku rufe ƙofofi da gilasai, ku zauna ciki, ku shaƙa. Warin danshi ko turaren da ya wuce kima abin tambaya ne. Ku ɗaga kafet ku danna soson da ke ƙasa da yatsa. Ku ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, domin can ciki mai wanki ba ya kaiwa, kuma nan tabon ruwa ke zama. Ku buɗe but, ku cire safayar taya, ku dubi ramin ko akwai busasshiyar laka. Ku durƙusa ku leƙa notocin da ke riƙe da kujera. Tsatsa a jikin noti a motar da aka ce ba a taɓa hawa ba, ta isa ku mayar da kuɗinku aljihu.

Ku kuma tambaya ko akwai kayan gyaran motar a ƙasar nan, domin sassan da suka yanke wa masana'anta sukan yanke wa masu gyara.

Aikin wannan mako

Yawancin motoci suna da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Galibi ana samunta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Ku nemi izinin wani mai mota, ku kwafe lambar a littafinku daga wuraren biyu, sannan ku gwada ta da wadda ke cikin takardun motar, harafi bayan harafi. Ku duba gefen taya kuma: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna faɗin mako da shekarar da aka yi tayar. Misali, 2311 na nufin mako na 23 a shekarar 2011. Ku zo da abin da kuka rubuta, mu karanta tare.